Wat 4 Kacal: Yadda Doka Ta Tura Amurkawa Kan Rufin Gida

Yau zan kai ku Amurka, zamanin da babu wayar hannu, mu ga yadda wani dogon sandan ƙarfe ya zama abin gasa, har ya ci rayuka.

A shekarar 1958 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ware wa talakawa tashoshi 23 a kan megahaz 27. Shi ne rediyon CB, irin oba-oba ɗin nan, kai ka yi magana, wani ya amsa. Kasuwarsa ta buɗe ne bayan matsalar man fetur ta 1973, da aka taƙaita gudun mota zuwa mil 55 a awa. Direbobin tirela suka riƙa sanar da juna inda ake samun mai da inda 'yan sanda suka laɓe. Cunkoso ya yi yawa, a 1977 aka mayar da tashoshin 40.

To ga inda gizo ke saƙar. Doka ta ce ƙarfin na'urarka kada ya wuce wat 4. Mai son muryarsa ta yi nisa ba tare da ya karya doka ba, abu ɗaya ya rage masa: eriya. Shi ya sa masu tasha a gida suka koma kan rufi, suna yanka, suna ƙari.

Lissafin ba wuya. Kun tuna yadda ake cewa "a kan mita 19" a gajeren zango? To zangon CB mita 11 ne. Eriyar tsaye mai rabin zango takan kai mita 5 da rabi, mai kashi 5 cikin 8 kuwa kusan mita 7. Ita ta biyun ta fi kwantar da sigina ya bi sararin ƙasa maimakon ya tashi sama a banza. Idan ka rage tsayi, eriyar ta karkata ga tashoshin sama. Idan ka ƙara, ta sauko. Ana yi ana duba mitar SWR, wadda ke nuna yawan ƙarfin da ke dawowa cikin na'ura. Wasu kuma su ƙara sanduna a gindin eriyar, su tsaya mata a matsayin ƙasa.

Amma fa sandan alminiyon mai mita 7, a kan dogon bututu, a hannun mutum biyu, iska na kaɗawa, wayar lantarki na gefe. Da ya taɓa, shi ke nan. Mutane da dama sun mutu a haka. A 1978 hukumar kare masu sayen kaya, CPSC, ta wajabta manna gargaɗi, a 1982 kuma ta fitar da ƙa'idar cewa irin wannan eriya sai ta iya kare mai riƙe da ita daga wuta. Daga nan masu rigar faiba, irin su Antron 99, suka cika kasuwa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, rigar nan ba ado ba ce, rayuka aka rasa kafin a ɗinka ta. Wanda ya yanke ta ko ya ɗaura ƙarfe a waje don ƙarin nisa, ya mayar da kansa shekarun 1970. Duk mai kafa dogon ƙarfe, ko na talabijin ne, ya fara ɗaga kai ya duba waya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.