Me Ke Sa Doki Ya Bar Sassarfa Ya Shiga Sukuwa?

A sassarfa, ƙafar doki ta gaba ta dama da ta baya ta hagu tare suke sauka, sannan ɗaya biyun su karɓa. A sukuwa kuwa tsarin duk ya canza: ƙafafun na sauka bi da bi, har akan samu lokacin da babu ko ɗaya a ƙasa, kamar yadda hotunan Eadweard Muybridge suka nuna a Kalifoniya a 1878. Raƙumi nasa salon daban ne, ƙafafun gefe guda yake jefawa tare, shi ya sa mahayinsa ke rangaji.

Ba ƙwaƙwalwa ce ke lissafa kowane taku ba. Tun 1911 Thomas Graham Brown ya nuna cewa jijiyoyin da ke cikin lakar gadon bayan kyanwa na iya tsara lanƙwasa ƙafa da miƙe ta da kansu. A 1966 Shik da Severin da Orlovsky a Mosko suka riƙa tsikarar wani gurbi a tushen ƙwaƙwalwar kyanwa da lantarki; da suka ƙara ƙarfinsa, sai tafiya ta koma sassarfa, sassarfa ta koma sukuwa. Ke nan ƙwaƙwalwa na cewa a ƙara mai ne kawai, rabon aiki tsakanin ƙafafu na laka ne.

Inda ake taƙaddama shi ne dalilin sauyin. Hoyt da Taylor sun auna iskar oksijin da ƙananan dawaki ke sha a 1981, suka ga kowane salo na da saurin da ya fi araha, kuma dokin da aka sakar wa linzami wannan saurin yake zaɓa. Bayani ne mai daɗin ji, ya kuma karɓu. Sai dai a 1991 Farley da Taylor ɗin suka gano cewa doki na shiga sukuwa tun kafin ta fi sassarfa araha. Da aka ɗora masa kaya, sai ya sauya da wuri, daidai lokacin da dukan da ƙafa ke sha a ƙasa ya kai wani mizani.

A ganina wannan hujja ta fi nauyi wajen bayyana lokacin sauyin. Tattalin kuzari na bayyana saurin da dabba ke so ta zauna a kai, amma abin da ke tura ta sauya salo shi ne kare ƙashi da jijiya daga rauni.