Yoyon Fitsari a Karyar da Aka Cire wa Mahaifa

Yoyon fitsari lalura ce da kan sami karya bayan an cire mata mahaifa da ƙwayayen haihuwa, wani lokaci sai bayan shekaru. Sinadarin istirojin ne ke raguwa, sai tsokar da ke riƙe bakin mafitsara ta saki. Yawanci cikin barci fitsarin ke zuba: ta tashi makwanci a jiƙe, cinyoyi na zarni. Manyan karnukan gadi, irin waɗanda ake kiwo a wasu gidajen Minna, sun fi kamuwa. Dukan karyar saboda yoyon zalunci ne, domin ba da saninta ba ne.

Likitan dabbobi kan fara auna fitsarin ko akwai ƙwayoyin cuta, sannan ya rubuta Propalin, mai ƙarfafa tsokar, ko Incurin, galibi har ƙarshen rayuwarta. In magani ya gaza, sai tiyata.