Tsohuwar Kat-kat: Raƙumin Ƙarfe da Tarihinsa

Mai karatu, in ka bi ta unguwar Koira Kano a nan Yamai da sassafe, za ka ga manyan motoci suna fitowa daga gidaje, masu doguwar ƙafa da faffaɗar taya. Su ne muke kira kat-kat, wato motar da inji ke juya ƙafafunta huɗu duka, ba biyu kaɗai ba. Da yawansu na ma'aikatu ne da ƙungiyoyi. In sun tsufa sai a sayar da su, su faɗa hannun ɗan kasuwa ko direban da ya daɗe yana tari. Daga nan ne wahalarsu ke farawa: cin kasuwar ƙauye, ɗaukar majinyaci, ko ratsa hamada. Wataƙila kai ma kana da niyyar sayen ɗaya. To, kafin ka biya kuɗi, zo mu duba inda wannan mota ta fito, da abin da ta koya wa waɗanda suka riga mu.

A zamanin da, raƙumi ne kaɗai ke ratsa hamada. Ayarin gishiri kan tashi daga Agadas, ya bi ta Fashi, ya kai Bilma. Madugu ba ya tashi sai ya san yawan ruwa da harawar da za su ishe shi zuwa da dawowa.

Mota ta fara ƙetare Sahara ne a ƙarshen shekarar 1922. Motoci 5 na kamfanin Citroën na Faransa suka tashi daga Tugurt ta Aljeriya, suka isa Tumbutu a watan Janairu na 1923. Gabansu taya, bayansu kuwa sarƙar roba mai kama da ta tankar yaƙi, don kada su nutse. A 1924 wani ayarin Citroën mai motoci 8 ya biyo ta ƙasarmu, ya ratsa Yamai da Damagaram, ya nufi tafkin Cadi. Ka lura da wani abu: ba ƙarfin motocin kaɗai ya kai su ba. Tun kafin su taso an aika mutane sun ajiye musu mai da kayan gyara a zango-zango. Dabarar madugu ce suka ara.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka samu kat-kat irin wadda muka sani. Ingila ta fitar da Land Rover a 1948. Japan ta fitar da motar Toyota a 1951, wadda aka raɗa wa suna Land Cruiser a 1954. Tsakanin 1959 da 1960 manyan motocin Berliet suka ratsa Tenere, suna kakkafa alamun ƙarfe don matafiya su gane hanya. A farkon 1979 kuma tseren Paris-Dakar na farko ya biyo ta Agadas da Yamai, yara da manya suka fito kallo. Tseren ya bar Afirka bayan da aka soke na 2008.

A hankali Toyota ta kori Land Rover daga hanyoyinmu. Samfurin Land Cruiser mai lamba 70, wanda aka fara ƙerawa a 1984, shi ya fi shiga ran direbobin arewa. Daga 1990 aka riƙa sa masa injin gazuwal mai silinda 6 wanda ba ya bukatar kwamfuta. Makaniken ƙauye yana iya kwance shi a gindin bishiya ya mayar. Shi ya sa har yau tsohuwarsa ba ta rasa mai saye.

Duk wanda ya sayi tsohuwar kat-kat sai ya yi mata ƙari. Ana ƙara ganyen sifirin don ta ɗauki nauyi. Ana sa tankin mai na biyu. Ana ɗaga bututun shaƙar iska zuwa gefen rufi, don inji ya rage shan ƙura. Ana ɗaura tayar ajiya biyu, da shebur, da faifan ƙarfe da ake shimfiɗawa ƙarƙashin taya in ta kafe. Mafi arha cikin dabarun duka shi ne rage iskar taya a kan rairayi mai laushi. Tayar sai ta baje kamar tafin raƙumi. Amma da an dawo kan dutse ko kwalta dole a mayar da iskar, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta fashe.

Sai dai ka sani, ba kowane ƙari ne alheri ba. Ƙarin sifirin ba ya ƙara wa birki ƙarfi. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka duro mai lita 200 ya kai nauyin manya uku. In ka ɗora irin wannan kaya a kan rufi, motar za ta kife a gangaren tudu. Wani kuma sai ya kashe kuɗinsa wajen fitilu da fenti, ya bar lagireto yana yoyo. Wannan ado ne, ba shiri ba.

Hamada ba ta yafe sakaci. A 1973 wani direban babbar mota ya banke itaciyar Tenere, wadda take tsaye ita kaɗai a cikin sarari, ayari na gane hanya da ita. Ragowarta na nan a gidan tarihi na ƙasa a Yamai, je ka gani da idonka. Abin da ya fi wannan ciwo ya faru a watan Oktoba na 2013. Motoci 2 suka lalace a arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya. Aka tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe, yawancinsu mata da yara, da dama daga yankin Kance na jihar Damagaram. Ƴan'uwanmu ne, neman abinci ya fitar da su.

Saboda haka, ɗan'uwa, in Allah ya hore maka tsohuwar kat-kat, fara da inji, da birki, da lagireto, da taya. Kada ka shiga hamada da mota ɗaya tak. Ka sanar da hukuma da iyalinka hanyar da za ka bi da ranar da kake sa ran isa. Ka ɗauki ruwa fiye da lissafinka, ka tuna kuma rairayi ya fi kwalta cin mai nesa ba kusa ba.

Akwai kayan gyara guda da nake roƙon direbobin da ke ajinmu na yaƙi da jahilci su riƙe: ɗan littafi da alƙalami. Rubuta ranar da ka canja baƙin mai. Rubuta kilomita nawa ka yi, lita nawa ka sha. Madugu yana riƙe lissafinsa a ka domin ya gada tun yana yaro. Kai da ba ka gada ba, rubutu ne zai riƙe maka. Allah ya kiyaye hanya, amin.