Gwaje-gwajen Manhaja Marasa Tabbas: Musabbabinsu da Iyakar Dabarar Maimaitawa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi gwaje-gwajen manhaja masu gudana da kansu, waɗanda kan wuce yau su faɗi gobe alhali ba a taɓa ko layi ɗaya na rubutun manhajar ba. Bisa binciken da aka riga aka wallafa, ta nuna cewa maimaita gwaji har sai ya wuce yana lulluɓe matsalar ne kawai.

Girman matsalar

A shekarar 2016, John Micco na kamfanin Google ya bayyana cewa kusan kashi 16 cikin 100 na gwaje-gwajensu suna da wannan hali. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, kashi 84 cikin 100 na lokutan da gwaji ya sauya daga nasara zuwa faɗuwa, irin wannan gwajin ne sila. Injiniyan da ya saba ganin jar alama ta ƙarya kuwa, sannu a hankali zai daina kula ta.

Musabbabai

Luo, Hariri, Eloussi da Marinov na Jami'ar Illinois sun nazarci gyare-gyare 201 daga ayyukan Apache 51 a 2014. Kashi 45 cikin 100 sun faru ne daga rashin jiran aikin da ke gudana a bayan fage. Mai gwaji ya tura buƙata ga saba, ya umarci shirin ya dakata daƙiƙa biyu, sannan ya duba amsa. A kwamfutarsa amsar takan iso cikin rabin daƙiƙa. A injin gwajin kamfani, inda ayyuka da dama ke rububin ƙwaƙwalwa ɗaya, sai ta kai daƙiƙa uku, gwajin ya faɗi. Ƙara tsawon dakatawar jinkiri kawai yake haifarwa. Gyaran gaskiya shi ne gwajin ya jira sharaɗi, wato isowar amsar, tare da wa'adi. Karon ayyuka masu tafiya lokaci guda ya ɗauki kashi 20, dogaro da jerin gwaje-gwaje kuma kashi 12.

Wannan na ƙarshen bai kamata a raina shi ba. Wani gwaji yakan bar bayani a rumbun bayanai bai share ba, na bayansa ya tarar da shi ya faɗi. Gruber da abokan aikinsa sun gano a 2021 cewa a ayyukan Python dogaro da jeri ne ke kan gaba, da kashi 59. Manhajar iDFlakies ta 2019 takan hargitsa jerin da gangan domin a gano gwaje-gwajen da suka dogara da jeri.

Iyakar maimaitawa

Manhajar Maven Surefire na ba da damar sake gudanar da gwajin da ya faɗi, kuma mutane da yawa nan suke tsayawa. To amma gwajin da ke faɗuwa sau ɗaya cikin 100 yana da damar kusan kashi 90 ta wuce maimaici goma a jere. Binciken Gruber ya ƙiyasta maimaici 170 kafin a samu tabbacin kashi 95 cewa gwajin da ya wuce ba marar tabbas ba ne. Haɗarin ya wuce ɓata lokaci: a binciken 2014, kusan kashi 24 na gyare-gyaren sun taɓa ainihin manhajar, kuma mafi yawansu kuskure na gaske suka gyara. Don haka muna ba da shawarar a killace gwajin, a ajiye bayanan kowace faɗuwa da jerin da aka bi, sannan a ɗora wa wani injiniya alhakin binciko musabbabin cikin ƙayyadadden lokaci.