Kalmar sirri, gishiri da hatimin sarki

Watan jiya na manta kalmar sirrin wani shafin darussa da muke amfani da shi a makarantarmu nan Gure. Na nemi taimako, sai ga saƙo ɗauke da kalmar tawa, harafi bi harafi. Abokan aiki suka yaba wa shafin. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, domin in har sun iya turo mini ita, to a fili suka ajiye ta, tawa da ta ɗalibanmu.

Tantance baƙo tsohon aiki ne a ƙasar Muniyo. A ƙarshen 1852 Heinrich Barth ya biyo ta Gure daga Kukawa, a zamanin da matafiyi ke riƙe wasiƙar sarki. Fada ba ta san fuskar baƙo ba, hatimin da ke kan takarda take dubawa.

Kwamfuta ta gamu da wannan matsala a farkon shekarun 1960 a jami'ar MIT ta Amurka, inda Fernando Corbató ya shirya na'ura ɗaya ga mutane da yawa, kowa da kalmarsa. Sai dai kalmomin suna cikin fayil ɗaya, ba rufi. Wani ɗalibi, Allan Scherr, mai son ƙarin lokaci a kan na'urar, ya sa aka buga masa fayil ɗin a takarda.

A 1979 Robert Morris da Ken Thompson suka bayyana dabarar da ake bi har yau. Uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafi, ba ta ajiye kalmar. Niƙa ta take yi da lissafi, ta ajiye garin. Ka dawo ka rubuta, ta sake niƙawa ta gwada da na ajiye. Gari kuwa ba ya komawa gero. Kafin niƙan ana barbaɗa wa kalmar kowa wasu haruffa na dabam, don kada masu kalma iri ɗaya su fitar da gari iri ɗaya. Sunan wannan ƙari gishiri, abin da ke ba ni dariya a matsayina na ɗan ƙasar mangul.

Hatimin ma ya dawo. Tun 1994, da Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro kuki, uwar garke kan ba wayarka 'yar shaida bayan ka shiga. Duk wanda ke riƙe da ita, kai ne a wurinta. Yaron da ya ari waya ya duba darasi bai fita ba, wasiƙarsa ya bari a hannun wani.

A 2009 an sace kalmomin sirri fiye da miliyan 32 daga shafin RockYou, duk a fili suke, shekara 30 bayan an san magani. Na rubuta wa masu shafinmu na gaya musu haka. Kafin su amsa, na ce wa iyaye kada yaro ya yi amfani da lambar asusun kuɗin gidansu a can.