Farin Fenti a Kan Dogo: Amsar Tambayar Malam



Duk wanda muka yi aji huɗu tare zai tuna ranar da malaminmu na kimiyya ya kai mu tashar jirgin ƙasa ta Zariya. Da farko ya nuna mana 'yar tazarar da ke tsakanin ƙarfen dogo da ɗan'uwansa. Sannan ya nuna wasu duwatsu da sandunan sauya layi da aka shafa wa fari, ya ce, "Wa zai gaya mini dalili?" Ni ne na yi karambani na ce ado ne. Malam ya yi murmushi ya ce in je in bincika. To, Malam, ga amsa, ko da yake ta makara da shekara 20.

Dalili na farko, kuma mafi daɗewa, shi ne ido. A zamanin da dogo ya iso Kano, wato 1911, fitilar kananzir ce hasken ma'aikacin dare. Mai haɗa taragu ko mai sauya wa jirgi layi yana bukatar ya hango sanda tun kafin ya yi tuntuɓe da ita, kuma babu launin da ya kai fari nunawa a duhu. A Ingila ma, lokacin yaƙin duniya na biyu daga 1939 zuwa 1945, an kashe fitilun tashoshi don gudun jiragen saman Jamus, aka riƙa shafa wa bakin dandamali fari don kada fasinja ya faɗa kan dogo.

Dalili na biyu shi ne rana, kuma nan ne tazarar da Malam ya nuna mana ta shigo. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi. Dogo mai tsawon kilomita 1 yakan ƙaru da fiye da santimita 1 a kan kowane digiri. Magabata sun bar tazara don ƙarfe ya sami wurin miƙewa, ita ce ke sa ƙarar nan ta "kaca-kaca" da muka saba ji. Amma daga shekarun 1960 ƙasashe da yawa suka koma yi wa dogo walda ya zama miƙaƙƙe. Tafiya ta yi daɗi, sai dai idan zafi ya wuce misali ƙarfen ba shi da wurin zuwa, sai ya lanƙwashe kamar maciji, jirgi kuwa yana iya kaucewa daga layi.

Ƙarfen da ke rana yakan fi iska zafi da kusan digiri 20. A Ingila an ɗaure dogo ne da lissafin digiri 27, ga shi a watan Yuli na 2022 zafin ƙasar ya haura digiri 40 karo na farko, aka auna wani dogo ya kai 62. Shi ya sa suke shafa wa gefen ƙarfen fari, musamman a mahaɗar layuka, domin fari yana mayar da hasken rana, ya rage zafin da digiri 5 zuwa 10. Hikimar da ke sa mu zaɓi farar riga a bazara ke nan.

A wurin aiki na sha ganin idan kuɗi suka yi ƙaranci, na fenti ake fara sokewa, wai ai ado ne, irin amsar da na bayar ina yaro. Yanzu duk ran da na hau jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, nakan tuna cewa leburan da ke riƙe da buroshi ma rayukan mutane ne a hannunsa.