Talking Heads: Turawan Da Suka Ari Kiɗan Fela



A cikin akwatin ƙarfen wani kawuna, Allah ya jiƙansa, na fara cin karo da kaset ɗin da ya jawo wannan rubutu. Kawun nawa direban babbar mota ne mai jigilar albasa daga Sakkwato zuwa Legas, kuma a can ya kamu da son Fela. Kaset-kaset ɗinsa duk na Narambaɗa ne da Ɗan Anace da Fela, sai guda ɗaya tak mai hoton fuskoki huɗu da aka shafe da jan launi kamar dodanni. Ina ɗan sakandare lokacin, sai na tambaye shi, "Kawu, waɗanga fa su wane ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, Turawa na. Amma kasa kunne da kyau, wanga kiɗi na Fela na, ƙahonni kawai aka rage mai."

Sai bayan shekaru masu yawa na gane kawu bai yi kuskure ba. Sunan kaset ɗin Remain in Light, masu shi kuwa wata ƙungiyar makaɗa ce ta Amurka mai suna Talking Heads.

Asalinsu mutum uku ne da suka haɗu a wata makarantar koyon zane a Jihar Rhode Island: David Byrne mai waƙa da jita, Chris Frantz mai ganga, da Tina Weymouth, wadda ta koyi kaɗa babbar jita mai kaurin murya don kawai sun rasa wanda zai riƙe masu ita. Suka koma birnin New York, inda a watan Yunin 1975 suka fara hawa dandali a wani ɗan gidan rawa mai suna CBGB, suna share fage ga ƙungiyar Ramones. A 1977 na huɗunsu, Jerry Harrison, ya shigo, kuma a shekarar suka fitar da faifansu na farko.

Zamanin nan kuwa zamanin kiɗan punk ne, wato kiɗan samari masu jin haushin duniya: ihu, gudu, yagaggun tufafi, waƙa ba ta wuce minti biyu ko uku. Su Byrne sun fito daga wannan gida, amma ba su gaji halinsa ba. Sukan hau dandali da riguna tsaf-tsaf kamar akawun ofis, suna waƙa kan gine-gine da abinci da aikin gwamnati da fargabar mutumin birni. Da yake gidajen rediyo na ƙyamar sunan punk, sai kamfanin Sire da ke buga faifansu ya riƙa tallata irinsu da sunan New Wave, wato sabon yayi. Abin da ya biyo bayan punk ke nan: zafin yana nan, amma an ƙara masa tunani da rawa.

Inda labarin ya taɓo mu shi ne haɗuwarsu da wani Baturen Ingila, Brian Eno, wanda ya zama mai tsara masu faifai uku daga 1978 zuwa 1980. Eno ya daɗe da haukacewa a kan Afrodisiac, faifan da Fela Kuti ya fitar a 1973, shi ne kuma ya kunna wa Byrne shi. Alamar farko ta bayyana a waƙar "I Zimbra" ta 1979. A tsakiyar 1980 suka tafi ɗakin ɗaukar sauti na Compass Point a Bahamas, suka ajiye tsarin da suka saba, wanda mutum ɗaya zai zo da waƙa a rubuce saura su raka shi. Kowa ya kama ɗan guntun kiɗa yana maimaitawa, wannan na shiga ramin da wancan ya bari, har abin ya saƙu kamar tabarma. Sai daga baya Byrne ya ɗora murya. A "Once in a Lifetime", salon masu wa'azin coci na rediyon Amurka ya kwaikwaya, yana jefa magana ana karɓa masa. Faifan ya fito a Oktoban 1980.

To mu Sakkwatawa ina abin mamaki a nan? Duk wanda ya tashi yana jin kotson Narambaɗa, ko taushin Salihu Jankiɗi, ko kalangun Ɗan Anace a Rima Rediyo, ya san kiɗa ba sai ya yi ta sauya hanya yake daɗi ba. Gindin waƙa ɗaya ne, ganguna na zagaye a kansa, jagora na kawo ɗiya, 'yan amshi na karɓewa. Abin da kunnenmu ya sha tun muna goye, shi ne masu sharhi a New York da Landan suka karɓa a matsayin sabon abu. Da suka tashi kai faifan dandali ma, mutum huɗu suka kasa, sai da suka ƙaru zuwa tara, ciki har da baƙaƙen Amurka irin su Bernie Worrell. Kiɗan taro, ai sai taro.

Ni marubucin littattafan kasuwa ne, kuma na sha gori cewa labaranmu finafinan Indiya ne muka sa wa hula da zane. Shi ya sa tarihin mutanen nan ya dame ni. Su sun yi aro duniya ta tafa masu, mu mun yi an kira mu ɓarayi. Da na bi diddigi sai na ga aron nasu kala uku ne, kuma kowane da darasinsa.

Na farko, sun faɗi inda suka ɗauko. Ba su ɓoye sunan Fela ba. Byrne har takarda ya aika wa 'yan jarida da sunayen littattafan da ya karanta, ciki akwai na John Miller Chernoff na 1979, mutumin da ya koyi kiɗa a hannun makaɗan Dagomba a Tamale ta ƙasar Gana, masu ganga 'yar'uwar kalangunmu. Sai dai faɗin suna bai sa sun ɗanɗani abin da mai kayan ya ɗanɗana ba. A Fabrairun 1977, shekarar da su Byrne ke murnar faifansu na farko, sojoji suka ƙone gidan Fela a Legas, suka jefo mahaifiyarsa ta taga, ta rasu a 1978. Kiɗan ya haye teku, wahalar ta tsaya gida.

Na biyu, a cikin gida ne adalcin ya gaza. Frantz da Weymouth sun yi ƙorafin cewa tare aka ƙirƙiri kiɗan Remain in Light, amma da faifan ya fito sai suka ga an fifita sunayen Byrne da Eno. Miji da matar suka kafa tasu ƙungiyar ta gefe, Tom Tom Club, a 1981. Tafiyar ta ci gaba, har "Burning Down the House" ta shiga sahun waƙoƙi goma na sama a Amurka a 1983, fim ɗin wasansu Stop Making Sense ya fito a 1984, suka kuma je Faransa suka yi faifansu na ƙarshe, Naked, wanda ya fito a 1988, tare da makaɗan Afirka irin su Mory Kante. Amma zukata sun riga sun tsage. A Disambar 1991 ƙungiyar ta watse, Frantz ya ce shi a jarida ya karanta. Ka ari kiɗan da ginshiƙinsa shi ne kowa da rabonsa, sannan ka kasa raba suna da abokan tafiyarka!

Na uku shi ne wanda ya fi taɓa ni. A 1981 Byrne da Eno sun fitar da wani faifai nasu su biyu, suka sa masa sunan littafin Amos Tutuola na 1954, My Life in the Bush of Ghosts. A ciki suka ɗauki muryoyin wasu mutanen Aljeriya suna karatun Alƙur'ani mai girma suka ɗora a kan kiɗa. Wata majalisar Musulmi ta Birtaniya ta kai kuka, aka cire wannan yanki daga bugun da suka biyo baya. Kunnensu ya ji daɗin sauti, bai san nauyin abin da ake faɗa ba. Na yaba da cirewar, amma da sun tambayi ko da almajiri ɗaya tun farko, da ba a kai ga haka ba.

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne, amma tela na iya ara ya ƙara ƙyalle ya fitar da riga tasa. Sharaɗin dai ya faɗi mai kayan, ya biya wanda ya taya shi ɗinki, ya kuma san akwai abin da ba a sa wa almakashi. Da wannan ma'aunin nake auna littattafaina yanzu, kuma na tarar akwai guda biyu na farko-farko da nake jin kunyar su, domin na ɗauko ban faɗa ba.

A 2018 mawaƙiya Angelique Kidjo 'yar Jamhuriyar Benin ta sake rera Remain in Light daga farko har ƙarshe, ta cika shi da ƙahonni, ta kuma gayyato Tony Allen, mai gangar Fela, wanda ya rasu a 2020. Ranar da na fara jin sa a waya, a wata rumfa kusa da Babbar Kasuwa, kawu ne ya faɗo mani a rai. Da yana raye da na ce masa, "Kawu, an maido ƙahonnin."

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu dace. Sai mun sake haɗuwa.